Sirinji da kwalba ko biro: da wanne za ka riƙa yi wa kanka allurar insulin?

Wata biyar na farko bayan likita ya ɗora ni a kan insulin saboda ciwon suga, kullum sau biyu nake zuwa kemis ɗin bakin layinmu a yi mini allura. Ta safe ce matsala. Yaron shagon ba ya buɗewa sai takwas ta gota, ni kuma insulin ɗin da aka ba ni irin wanda ake yi rabin awa kafin cin abinci ne, sai in zauna da koko yana hucewa ina leƙen ƙofa. Ranar da aka yi rasuwa a gidansu shagon ya kwana biyu a rufe, a nan na gane guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na koma asibiti na ce wa wata nas ta koya mini. Ba ta ɗauki minti ashirin ba.

Daga lokacin zuwa yau na yi shekaru da sirinji, na yi shekaru da biro, wato abin allurar insulin mai kama da biron rubutu, har akwai lokacin da na haɗa su biyun. Duk wanda aka ce zai fara yi wa kansa allura, tambayar da yake fara yi mini ita ce wanne zai saya. Yawan insulin da irinsa aikin likitanka ne, ba zan sa baki a ciki ba. Amma abin da za ka riƙe a hannu kullum, wannan kana da ta cewa.

Bari mu fara da abin da ke cikinsu. Kwalbar insulin da aka saba gani tana ɗauke da mililita 10, kuma idan an rubuta U-100 ko 100 IU/ml a jikinta, ma'anarsa yunit 100 ne a kowace mililita (yunit shi ne ma'aunin insulin), wato yunit 1,000 a kwalbar gaba ɗaya. Kai za ka zuƙo da sirinji. Biron kuma, wanda kamfanin Novo ya fito da nasa na farko a 1985, yana ɗauke da 'yar siririyar kwalba mai mililita 3, yunit 300 ke nan. Kana ɗaura masa 'yar allura a baki, ka murɗa gindinsa zuwa lambar da kake so, ka danna. Iri biyu ne: akwai wanda ake yarwa idan ya ƙare, kamar FlexPen da SoloStar da KwikPen, akwai kuma mai daɗewa da ake sauya masa kwalbar ciki, kamar NovoPen da HumaPen. Kwalbar cikin wani kamfani ba a sa ta a biron wani. Ruwan maganin dai ɗaya ne. Mixtard na kwalba da Mixtard na biro ba su da bambanci a jikin mutum, kada wani ya ce maka na biro ya fi ƙarfi.

A wajen sauƙin aiki babu gardama, biro ya yi wa sirinji nisa. Da sirinji sai ka wanke hannu, ka goge robar bakin kwalba, ka ja iska daidai yawan yunit ɗin da za ka ɗiba, ka tura ta cikin kwalbar, ka kife kwalbar, ka zuƙo, ka ɗaga wa haske ka duba ko akwai kumfa, ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ta taso ka fitar. Kumfar nan ba za ta kashe ka ba kamar yadda mutane ke tsorata juna, tunda a ƙarƙashin fata ake yin allurar, ba a jijiya ba. Illarta ita ce tana cinye wurin magani, ka ɗauka ka yi 14 ashe 12 ka yi. Duk wannan yana son ido mai kyau da hannun da ba ya rawa, abubuwa biyu da ciwon suga kansa yake ragewa mutum idan tafiya ta yi nisa. Sirinji mai cin yunit 100 galibi kowane layi a jikinsa yunit biyu ne, don haka mai yin 15 sai ya yi kirdado tsakanin layi da layi. Idan abin da kake yi bai wuce 50 ba, ka nemi ƙaramin sirinji mai cin 50 ko 30, layukansa ɗaya-ɗaya ne kuma sun fi fitowa.

Shi biro lambar a rubuce take baro-baro, kuma duk murɗawa ɗaya yana yin ƙas, har dattijon da yana ta fara rufe masa ido zai iya ƙirgawa da kunne, wani ya duba masa lambar. Amma shi ma yana da nasa sharuɗɗan da mutane ke tsallakewa. Kafin kowace allura sai ka murɗa yunit 2, ka ɗaga bakin sama ka danna, ka ga ɗigo ya fito. Idan bai fito ba ka sake, don watakila allurar ta toshe ko iska ta shiga. Bayan ka soka ka danna har lambar ta koma sifili, ka ƙirga goma a hankali kafin ka zare, in ba haka ba za ka ga magani yana ɗiga a fata. Sannan ka cire allurar daga bakinsa. Biron da aka bari da allura a ɗaure yana shan iska yana yoyo, kuma idan insulin mai fari-fari ne, ruwan ne ke tsiyayewa ya bar gari, ƙarfin abin da ya rage ya canja.

Tunda na ambaci mai fari-fari: Mixtard 30, Insulatard, Humulin N da Humulin 70/30 duk suna kwanciya kamar kamu a kwano. Ko a kwalba ko a biro, sai ka murza tsakanin tafukan hannu sau goma, ka juya sama da ƙasa sau goma, har ya zama kamar madara ko'ina. Ba a girgiza shi da ƙarfi. Wanda ya yi ragwancin wannan, farkon wata allurarsa ba ta da ƙarfi, ƙarshen wata ta yi masa yawa, ya rasa dalilin da sugansa ke hawa da sauka.

Akwai haɗari ɗaya da sirinji ke da shi wanda biro ba shi da shi, kuma shi ne ya taɓa kai ni ƙasa. Ba duk insulin ne U-100 ba. Akwai U-40, mai yunit 40 a mililita, da sirinjinsa na daban, kuma har yanzu ana cin karo da su a shaguna. Wata rana sirinjina ya ƙare, na aiki yaro, aka ba shi wani mai jan murfi, aka ce ai duk na insulin ne. Na ja zuwa lamba 20 kamar kullum. Abin da ban sani ba, lamba 20 a sirinjin U-40 rabin mililita ce, rabin mililita na maganin U-100 kuwa yunit 50 ne. Ninki biyu da rabi na yi wa kaina. Kafin azahar zufa ta wanke ni, hannuna na karkarwa, ina jin maganar iyalina kamar daga bayan katanga. Allah Ya sa ina iya haɗiya, aka dama mini sukari na sha, aka kai ni asibiti. Idan aka juya lissafin, wato maganin U-40 a sirinjin U-100, lamba 20 yunit 8 kacal ce, sai suga ya yi ta hawa mutum yana rantsuwa bai fasa allura ba. Bisa al'ada murfin sirinjin U-100 ruwan lemo ne, na U-40 ja, amma kada ka dogara da launi. Karanta jikin kwalba, karanta jikin sirinji, lambobin su zama ɗaya. Sirinjin allurar zazzaɓi mai mililita 2 ko 5 kuwa ko kusa ba na wannan aiki ba ne. Haka kuma akwai birrukan da maganinsu ya fi kauri, irin su Toujeo mai yunit 300 a mililita, waɗanda ba a taɓa zuƙo abin cikinsu da sirinji ko da biron ya lalace.

Sirinji ma yana da inda ya fi. Wanda likita ya rubuta wa garai-garai da mai fari-fari daban-daban, misali Actrapid da Insulatard, zai iya haɗa su a sirinji ɗaya ya soki kansa sau ɗaya, muddin ya fara zuƙo garai-garan kafin mai farin. Da biro sai dai suka biyu. (Lantus da ire-irensa masu dogon aiki ba a haɗa su da komai, ko da yake su ma garai-garai ne a ido.) Mai yin allura mai yawa shi ma sirinji ya fi masa, don yawancin birruka ba sa wuce 60 ko 80 a dannawa ɗaya.

Zafin suka shi ne abin da kowa ke tsoro kafin ya fara, shi ne kuma abin da ya fi saurin mantawa. Allurar biro akwai mai milimita 4, siririya kamar gashi, kuma ta isa ga kusan kowane babba, har mai ƙiba, don fatar mutum ba ta da kaurin da muke zato. Tsaye ake soka ta, ba sai an tattaro fata ba, sai dai ga ƙaramin yaro ko wanda ya rame sosai. Allurar sirinji mafi gajarta milimita 6 ce, wadda aka fi samu kuma 8, wani lokaci har mai kusan 13. Da irin waɗannan dole ka tattaro fata da yatsu biyu ko uku ka ɗaga, don kada ka zarce cikin tsoka, inda insulin ke shiga jini da sauri ya faɗar da suga ba shiri. Ga mai yi wa kansa, ciki ya fi ko'ina sauƙi, ka bar faɗin yatsu biyu zuwa uku daga cibiya, sai kuma gaban cinya da gefenta na waje. Damtse yana da wuya da hannu ɗaya, musamman da sirinji.

Abin da na fi gani wurin tsofaffin hannu, masu biro da masu sirinji duka, shi ne ƙullutu. Mutum ya sami wuri ɗaya da ba ya masa zafi, ya yi ta suka a nan shekara da shekaru, kitsen wurin ya taru ya yi tauri kamar roba. Ba ya zafi ne saboda wurin ya lalace, kuma insulin ɗin da aka zuba a cikinsa yau ya shiga jini, gobe ya ƙi. Ka shafa cikinka da yatsu lokacin wanka. Idan ka ji tudu, ka bar wurin, amma ka gaya wa likita kafin ka koma sabon wuri, domin lafiyayyar fata za ta sha maganin sosai, adadin da ka saba zai iya yi maka yawa. Kowace suka ta nisanci ta baya da faɗin yatsa ɗaya.

Yanzu ga maganar kuɗi, inda yawancinmu muke yanke hukunci ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. Yunit da yunit, kwalba ta fi araha, haka yake kusan ko'ina. Amma lissafin bai ƙare a nan ba, domin insulin da aka fara amfani da shi yana da wa'adi: mafi yawa mako huɗu, wasu mako shida, takardar cikin kwali za ta gaya maka. Ɗauki mai yin yunit 40 a rana. Kwalba ɗaya za ta kai shi kwana 25, ya shanye ta tas kafin wa'adi. Da biro, idan ka haɗa da yunit bibbiyun gwaji safe da yamma, 44 ke tafiya kullum, biro ɗaya bai cika mako ba, wata ɗaya sai ya ci huɗu da ɗoriya, ga kuɗin allurai daban. Wannan mutum, in dai idonsa lafiya, kwalba ce tasa. To, ɗauki kuma wanda aka fara wa yunit 10 da dare kawai, yana ci gaba da shan ƙwayoyinsa. A mako huɗu 280 zai ɗiba daga kwalbar 1,000, sauran 720 ko dai ya zubar, ko ya yi ta lallaɓa su wata uku suna rage ƙarfi, wanda shi ne abin da mutane ke yi. Shi biro ɗaya mai 300 zai kai shi kwana 25 har da na gwaji, ba abin da ya salwanta. Araha ba ta ado a nan. Kafin ka tambayi farashi, ninka abin da kake yi a rana sau 28 ka ga inda ka faɗa.

Sai kuma samuwa, wadda a ganina ta fi farashi muhimmanci. Sirinjin insulin da kwalba za ka same su a garuruwa da yawa. Allurar biro kuwa, ka bar manyan birane, sai ka zaga kemis biyar ba ka samu ba, biro kuma ba allura sanda ce. A 2024 ma Novo Nordisk ya sanar zai janye insulin irin na da, irin su Mixtard da Insulatard, daga cikin birruka ya bar shi a kwalba, kuma a shekarar asibitocin gwamnati a Afirka ta Kudu suka mayar da marasa lafiya masu yawa kan sirinji bayan sun shekara da shekaru a kan biro. Don haka ko ka zaɓi biro, ka sa a koya maka sirinji, ka san sunan insulin ɗinka da ƙarfinsa da ka, ba launin kwali kawai ba.

Kan sake amfani da allura, ba zan yi maka ƙarya ba. Ƙa'ida sau ɗaya ce, kuma allurar da aka maimaita tana dakushewa, tana ƙara zafi, tana taimaka wa ƙullutu. Amma na san gidajen da sirinji ɗaya ke kwana uku, ni ma na yi a lokacin da aljihu ya yi sanyi. Idan dole ta sa, ta zama taka kai kaɗai, ka mayar da murfinta a hankali, kada ka goge ta da sifirit don yana cire santsin da aka shafa mata, ka yar da ita da zarar ta taɓa wani abu, ta lanƙwashe, ko ta fara zafi. Biro kuwa ba a aronsa, ko tsakanin miji da mata, ko an sauya allura, don jini kan iya komawa cikin kwalbarsa, ciwon hanta da ƙanjamau kuma ta nan suke bi. Tsofaffin allurai a tara a roba mai kauri mai murfi, a kai asibiti. Kada a watsa su a bola inda yara da 'yan jari-bola ke tono da hannu.

Zafin gari bai bar kowanne ba. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a sashen ƙanƙara ba, domin insulin da ya daskare ya mutu, ko da daga baya ya narke. Masu sayen ƙanƙara su zuba a kula su kiyaye wannan, a naɗe maganin a ƙyalle kada ya jingina da ita. Wanda ake amfani da shi kuma kamfanoni suna cewa kada ya wuce digiri 25 ko 30, abin da mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder zai yi wa dariya a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura 40 ga wuta babu. Abu biyu ke sanyaya mini rai. Na farko, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Na biyu, randa. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu. Ka sa maganin a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi ya goge rubutun, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka riƙa jiƙa yashin. A nan biro yana da ɗan fifiko: yunit 300 ne kawai ke shan zafi a lokaci guda, sauran suna firjin wani ɗan'uwa mai sola. Amma shi ne kuma aka fi mantawa a aljihun mota, inda rana ɗaya ta isa ta dafa shi. Garai-garan da ya yi gurɓi, ko mai farin da ya yi gudaji ya manne a jikin kwalba, a yar.

Ga mai fita kasuwa, direba, ɗalibi, ko matar da za ta wuni gidan biki, biro ya fi rufin asiri. Ka ɗaga riga kaɗan, minti ɗaya ka gama, wanda ke kusa da kai ya ɗauka waya kake dubawa. Fito da sirinji da kwalba a tasha kuwa, a wannan zamani da ake zargin kowane matashi da shaye-shaye, sai ka shirya bayani. Na san waɗanda kunyar wannan ke sa su tsallake allurar rana, allurar da aka tsallake kuwa ta fi kowace tsada. Yara ƙanana ma biro ya fi musu, musamman irin NovoPen Echo da ke bayar da rabin yunit, tunda a jikin yaro rabin yunit ba ƙaramin abu ba ne. Na'urar da ake maƙalawa a jiki tana tura insulin dare da rana tana nan a duniya, amma kuɗinta da kayan sauyinta sun fitar da ita daga wannan zance ga yawancinmu.

Ko wanne ka ɗauka, mai yi wa kansa allura shi ne kuma mai ceton kansa. Suga ƙasa da 70 a mitar gwajin suga, ko 3.9 idan mitarka irin ɗayan ma'aunin ce, ko kuma rawar jiki da zufa da yunwa kwatsam, sai ka sha sukari cokali ɗaya babba a ruwa, ko ƙwaya uku zuwa huɗu na mai iyali, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ka sake gwadawa bayan minti 15. Mutanen gida su san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Kafin azumi kuma a je a ga likita tun cikin Sha'aban, don lokutan allura da yawanta suna sauyawa.

Idan ƙanina ne ya tambaye ni, zan ce masa: yana yin abin da bai kai yunit 20 a rana ba, ko idonsa ya fara rauni, ko hannunsa na rawa, ko yawo ne sana'arsa, ya ɗauki biro, in son samu ne mai sauya kwalbar ciki, bayan ya tabbatar akwai inda zai riƙa samun allurarsa kowane wata. Yana yin 30 zuwa sama, idonsa garau, kuɗin daga aljihunsa yake fita, ko garinsu da nisa da birni, ya riƙe kwalba da ƙaramin sirinjin U-100 mai gajeriyar allura, ya sayi kwali guda daga wuri ɗaya don kada ya riƙa aiken yara. Ni yanzu ta safe da ta dare daga kwalba nake ja a gida, ina kuma da biro ɗaya na irin maganin nan dai da nake ɗauka idan zan yi tafiya, na rubuta ranar da na buɗe shi a jikinsa da alƙalamin maka.